Ɗigo Goma Sha Ɗaya

Na toshe ƙasan ƙofar banɗaki da tawul,
na liƙe taga da kwali da baƙin salatif.
Valparaíso ta rage a waje, ita da fitilunta
masu hawa tudu kamar tururuwa ɗauke da garwashi.
Nan ciki ko tafin hannuna ba na gani.

Yau yatsu ne ido.
Na ɓalle murfi, fim ya zubo yana nannaɗewa,
da sanyi da santsi kamar cikin kifi.
Ina laluben bakin kwarkwaro, in tura, in murɗa,
sai ƙasa ta yi gyaran murya.

Kwalabe suka shiga kaɗa haƙora a kan kanta.
Doña Eduvigis daga ƙasan bene tana ƙwala kira:
"Amaro! Fito!"
Makunnin fitila na nan, kamu ɗaya daga kafaɗata.
In na taɓa shi, safiya talatin da shida sun ƙone.
Na tsaya, zuciya a maƙogwaro, fim a hannu,
har ƙasa ta gama mitarta ta koma barci.
Garinmu ke nan. Mun saba, ba mu saba ba.

Na rufe tulu, na kunna fitila.
Gahawar gwangwani mai arha, cokali shida,
sodar wanki, garin bitamin,
haɗin da warinsa ke korar kyanwa daga gida.
Ma'auni ya ce ashirin da uku, na jefa ƙanƙara,
na jira ya sauko ashirin cif.
Minti goma sha biyar.
Kowane minti in kifa tulu sau uku,
in buga gindinsa a bakin baho don kumfa ta saki.
Sai maganin kafe hoto, sai ɗauraya, sai ɗauraya kuma,
sai ɗigon sabulu ɗaya tak.

Na shanya shi da maƙalin wanki, yana tsiyaya.
Duniya ce a juye:
furfurar Nibaldo masunci baƙa wuluk,
baƙin hadarin bayansa fayau kamar gilashi.

Kashegari tsohuwar sikana,
wadda na saya a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi,
ta ja haskenta tana nishi kamar mai ciwon baya.
Kwamfuta ta mai da dare rana,
ga kwalekwalen Nibaldo yana shigowa gaɓa.
Amma sararin sama duk fararen ɗige-ɗige.
Ƙura, na ce. Abokiyar gabar mai wanke fim.
Na zauna har biyun dare ina gogewa ɗaya bayan ɗaya,
goma sha ɗaya na ƙirga,
sama ta yi sumul, na kwanta ina yaba kaina.

Na kai masa hoton bakin teku, yana ɗinkin koma.
Ya share hannu a wando, ya karɓa ta gefe-gefe,
ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Ina tsuntsayen?"
Ya ce, "Jirgin da ya dawo ba tsuntsu a bayansa,
kowa ya san wayam ya dawo.
Ranar nan kwando tara na sauke, yaro.
Ka mai da ni wanda teku ta hana."

Na hau matakala ɗari da ashirin zuwa gida ban huta ba.
Na ɗaga fim a gaban fitila, na kanga madubin ƙara girma.
Ga su nan, baƙaƙe, ƙanana kamar ƙwayar riɗi,
kowanne da fiffike biyu.
Garin neman gira.

Na hure fim, na mayar da shi sikana.
Ɗigo goma sha uku suka fito a wannan karon.
Biyu ƙura ce, na sani,
sai dai ban san waɗanne ba,
na bar su suna tashi tare.